Firijin Gwanjo da Jiƙaƙƙen Buhu

Ya kai wanda aka ɗora wa amanar dukiyar jama'a, ka ba ni aron hankalinka. An yi wani dattijo a wani gari na manoma, mutum mai tsimi da tanadi, wanda saboda riƙon amanarsa aka naɗa shi shugaban kwamitin ƙaramin asibitin garin. Ƙasar kuwa ƙasar kububuwa ce, ba a kaka ba ta sari masu girbi ba. Saboda haka mafi daraja cikin kayan asibitin ita ce allurar kashe dafin maciji, wadda ba ta jure zafi. Da aka tashi sayen ma'adana, aka nuna masa firiji na musamman mai aiki da hasken rana, wanda sanyinsa ba ya yankewa. Ya ji kuɗinsa, ya kaɗa kai, ya ce wannan almubazzaranci ne. Ya shiga kasuwa ya sayo firijin gwanjo irin na masu sayar da zoɓo, aka jona shi da janareta. Da tsadar fetur ta dame shi, sai ya zartar da hukuncin a riƙa tayar da injin daga hantsi zuwa azahar kaɗai. A fahimtarsa firiji ɗan'uwan randa ne, in ya sha sanyi ya riƙe. Har ya sa aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, yadda mahaifiyarsa ke yi wa tulu da bazara, yana kuma nuna wa baƙi wannan dabara tasa cikin alfahari.

Ran nan, ana tsakiyar cirar gyaɗa, da la'asar sakaliya, sai aka shigo da babban ɗansa a kan amalanke. Kububuwa ta sare shi a idon sawu. Ƙafar ta kumbura kamar turmi, jini na tsattsafowa daga dasashinsa, duk yawun da ya tofar ja ne. Dattijo ya ruga da kansa ya yaye buhun, ya buɗe firijin, wani ɗumi ya bugi fuskarsa. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya ga hasken taga. Ruwan da aka sani garai ya gurɓace, da gudaji a ƙasansa kamar tsinkakken nono. Ta ce, "Baba, ba zan sa masa wannan a jijiya ba. Ku nemi mota." Babban asibiti kuwa yana can birni, hanya duk ramuka. Dattijo ya zauna a bayan akori-kura, kan ɗansa bisa cinyarsa, yana share jini da bakin rawaninsa, rawanin na rinewa, jinin bai tsaya ba. Da ɗan ya ce, "Baba, duhu nake gani," harshen dattijo ya kasa haɗa addu'ar da ya haddace tun yana yaro.

Allah ya yi ɗan yana da sauran kwana, amma a birni aka baro ƙafar, gonar gado kuma ta tafi a jinya. A gida aka haƙa rami aka binne duk abin da ke cikin firijin, har da rigakafin jarirai da allurar masu haihuwa. Haka garin ya ƙarasa kakar, kowane magirbi na taka ciyawa gabansa na faɗuwa.

Ka ga abin da magabata ke nufi da suka ce: garin neman ƙiba, an samo rama.