Hular da Take Gaisuwa

Ka ce kana tsakanin hular kwano iri biyu, mai ɗaga baki da rufaffiya, ka rasa wadda za ka saya. Zauna tukuna in ba ka wani misali, kasuwa ba guduwa za ta yi ba.

An yi wasu abokai biyu masu kai busasshen kifi a babur daga bakin tafki zuwa kasuwannin ƙauye. Ɗaya hularsa rufaffiya ce, ƙira ɗaya tun daga ƙeya har haɓa, gilashin ido ne kawai ke motsi. In zai gaida mutum sai ya tsaya ya cire ta gaba ɗaya, in yana sauri kuwa ya ɗaga hannu ya wuce, har yara suka sa masa suna Dodo. Ɗayan tasa mai ɗaga baki ce, da ya danna da babban yatsa sai duk gabanta ya tashi sama, fuska ta fito. Mutum ne mai fara'a, kuma ya tashi a gidan da gaida babba da rufaffiyar fuska rashin kunya ne. Duk ƙauyen da ya shiga sai ya ɗaga, ya gaida dattawan bakin masallaci, ya jefa goro a baki, ya sauke. Da farko in ya sauke yakan danna ta har ya ji sakatar ta ce ƙas. Da tafiya ta yi tafiya, hannu ya saba da saukewa, kunne ya daina jiran ƙarar. Abokin ya sha gaya masa cewa wanda ya faɗo daga babur sau da yawa haɓarsa ce ke fara isa kwalta. Shi kuma sai ya yi dariya, ya ce hula ai hula ce.

A hanyar tasu akwai wata kwana, ba gida ba gona, sai tsamiya ɗaya. Wani rani, mai fara'ar nan ya fara ganin wani tsoho zaune a gindinta da tsakar rana, cikin fararen kaya, ba buta, ba sanda, ba takalmi. Kullum tsohon sai ya ɗaga masa hannu, shi kuma ya buɗe hula ya amsa, babur na gudu. Wata rana suna shan fura a kasuwa ya ce wa abokin, "Tsohon nan na tsamiya bai taɓa magana ba, sai dai ya ƙura wa fuskata ido." Abokin ya ajiye ludayi ya ce, "Wane tsoho?" Suka tambayi mutanen ƙauyen da ke kusa, aka ce rabon da wani ya zauna a gindin tsamiyar nan an manta, ko awaki ba sa shan inuwarta. Abokin ya roƙe shi, ko wane ne tsohon, ya riƙa gaishe shi da hannu kawai. Mai fara'a ya ce a'a, babba ba zai ɗaga masa hannu ya wuce shi kamar ɓarawo ba, ba haka aka rene shi ba.

Ranar da abin ya faru, wata tipa ta zubar da yashi a kwanar. Mai fara'a na gaba, abokin na biye. Da idonsa abokin ya ga mai fara'a ya ɗaga bakin hular, ya juya wajen tsamiyar da babu kowa a gindinta, ya yi murmushi, ya sauke da hannu ɗaya. Ya sauke, amma bai danna ba. Tayar gaba ta hau yashi ta zame, na baya ya taka birki shi ma ya zube, su duka biyun suka tafi rub da ciki a kan kwalta. Mai rufaffiyar hula ya miƙe yana ɗingishi. Haɓar hularsa ta cinye kamar an goga ta a dutsen niƙa, amma ko haƙori ɗaya bai rasa ba. Ɗayan bai tashi ba. Hular tana kansa, samanta ko ƙwarzane babu, sai dai gaban ya wangale tun bugun farko. Mutumin da duk ƙauyukan hanyar suka san fuskarsa, sai da wani tsohon tabo a ƙafa ƙaninsa ya shaida shi. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai na ji zuciyata ta karye.

Wani ya rataye hular a reshen tsamiyar. Masu babur suna cewa da tsakar rana, ko iska ba ta motsi, in ka doso kwanar za ka ga bakinta yana tashi a hankali, kamar mai shirin gaisuwa. Waɗanda suka san labarin ba sa waiwayawa, hannu kawai suke ɗagawa.

Ni ban ce maka aljani ne ba. In ma shi ne, bai taɓa babur ɗin ba, bai taɓa hular ba, zama kawai ya yi yana jira a buɗe masa. Ban kuma ce kada ka sayi mai ɗaga baki ba. In ka saya, kada tayarka ta juya sai kunnenka ya ji ƙas, ko wa ke ɗaga maka hannu a bakin hanya. Amma ka sani, abin da aka ƙera don ya buɗe maka, wata rana zai iya buɗe wa kwalta. Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.