Mutum na Huɗu a Shafi na Sittin da Uku

Ƙarfe takwas bai cika ba Mushe Seyni, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, ya riga ya zauna a biro, wato ofishin mai duba makarantu na Gaya, littafin karatu bisa gwiwarsa, yatsa a shafi na sittin da uku. Ya daɗe da ajiye alli, amma har yau ba ya barin kuskure ya kwana. Wasiƙa goma sha ɗaya ya aika Yamai kan shafin nan. Ko ɗaya ba a amsa ba.

Mumuni, sabon mai duba makarantun, ɗalibinsa ne a da. Shekara huɗu ke nan da samun 'yancin kai, an ba shi aikin tace tsofaffin darussa, kuma shafin nan ne farkon abin da ya sa wa jan biro. Darasi ne kan gasar wasannin ƙanƙara da ƙasashe suka yi a tsaunukan Faransa shekara arba'in da suka wuce. Ina ruwan yaron Gaya da ƙanƙara? Yau kafin azahar Mumuni zai aika da jerin shafukan da za a cire.

"Ba cirewa za ka yi ba, gyarawa za ka yi," in ji Mushe Seyni. "Mutum nawa ne a hoton?"

"Huɗu, Mushe."

"Suna nawa aka rubuta?"

Uku ne, sai "da wani ɗan aiki". Ɗan aikin baƙi ne, dogo, ya naɗe fuskarsa da mayafi. Yana tsaye a bayan wani abu mai kama da kwalekwale, wanda ake turawa a faɗa ciki ya zame daga kan tsauni.

Mumuni ya yi dariya. "Tarihinsu ne, Mushe. Namu za mu koyar. Mahaifina ya yi kokawa da kada a kogin nan har ya bar masa yatsun ƙafa biyu, duk garinmu Tanda an sani. Wa ya sa shi a littafi?"

Tsohon ya share tabaransa, ya ɗauki lokaci yana yi.

Sannan ya ba da labarin kamar mai shifta. Baƙin nan kukun wani hafsa ne. Ranar gasa mutum na huɗu ya kwanta da zazzaɓi, aka ce kuku ya maye gurbinsa. Shi kuwa masunci ne tun tashinsa, da ya ga abin sai ya ce ai jirgi ne, kuma masunci ba ya shiga jirgi da takalmi. Ya tuɓe nasa, ya tura, ya faɗa ciki, suka iso ƙasa lafiya ana ta tafi.

Mumuni ya sunkuya kan hoton. Lallai ƙafar ba takalmi. Da kuku ya yi nasara da bai yi ba, in ji shi, ba a taɓa yin ƙanƙara a Gaya ba. Ya miƙa hannu ga jan biro.

Mushe Seyni ya ajiye masa wasiƙa ta goma sha biyu. "Karanta layin ƙarshe, sannan ka soke."

Rubutun nan ne mai tsabta da Mumuni ya sani tun yana aji ɗaya: "A rubuta a ƙasan hoton: Sumana na Tanda, wanda ƙanƙara ta cinye wa yatsun ƙafa biyu, ya dawo gida ya ɗora wa kada laifin, don ya san ba mai yarda cewa ruwa yana zama dutse."