Sunan Kawu Orval a Gwanjo

"Ya sake tayawa!" in ji Kawu Orval, yana dukan tebur. "Kai Dwayne, taso ka ga darajar suna."

Ban motsa ba. Tsohuwar dalar azurfa ce guda, irinta ta cika kasuwa a Ohio. Ya biya masu tantancewa suka rufe ta cikin gidan roba, suka manna 'yar takarda mai cewa "Daga Taskar Orval Stutzman" a jiki. Wai wannan 'yar takarda za ta ninka kuɗinta, ta kuma raya sunansa bayan ransa.

Na ce, "Kawu, ko mai kawo wasiƙa mantawa yake da sunanka."

"Hassada ga mai rabo taki ce."

A gwanjon intanet ya sa ta, ya zagaya yana tayawa da sunan bogi don farashi ya hau. Mutum ɗaya ne ke ja da shi. Kawu ya ƙara, wancan ya ƙara. Da farashi ya kai na hauka sai Kawu ya janye, aka sallama wa wancan.

Yana cikin taka rawa matarsa Darlene ta fito daga kicin, waya a hannu.

"Tsoho, tsoro na ji kada a rasa mai tayawa ka sha kunya, shi ne na shiga na saye ta. Amma kwantar da hankalinka, wani wawa ya yi ta ja da ni. Ashe akwai mutum ɗaya a duniya da ke son sunanka."