Jaririn Sarauniya Averil

Ranar Litinin Jabez Thorley ya ji za a buɗe kabarin Sarauniya Averil. Ba ma daga bakin babban limamin cocin ya ji ba, daga bakin mai wanke daɓe ya ji.

"Ka shiga uku, Mista Thorley," in ji Misis Pargeter tana matse tsumma a bokiti. "Ran Juma'a malaman jami'a za su zo su ɗaga wa budurwar taka murfi. Ka dai sa kwat mai kyau."

Ya jingina tsintsiyarsa da bango.

Shekara hamsin Jabez yana riƙe da makullan tsohon cocin nan, inda sarakuna bakwai ke kwance da matansu. Masu ziyara wajen sarakunan da suka yi yaƙi suke tururuwa. Averil kuwa ba mai waiwayarta, tana can wani lungu mai sanyi, kuma layi biyu kacal littafin tarihi ya ba ta: an kawo ta daga ƙetaren teku tana da shekara goma sha bakwai, ta mutu ba ɗa ba jika. Shekara ɗari biyar ke nan.

Jabez kaɗai ke zuwa wurinta. Tun da matarsa Keziah ta rasu, a gindin kabarin yake cin burodinsa da cuku da rana, yana magana ƙasa-ƙasa. Gida ba kowa, kofi ɗaya, faranti ɗaya. Kaɗaici ya ci shi ya cinye, amma a lungun nan yakan ɗan sami sauƙi.

Matsalar ita ce duk garin an san shi ne na ƙarshe da ya ga cikin kabarin. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce rufi ya yi yoyo, murfin ya tsage, magina suka ture shi gefe har kwana uku, makullai kuwa suna hannun Jabez. A makon ne kuma wani tsohon ƙyallen siliki ya yi ɓatan dabo daga akwatin kayan ibada. Waɗanda suka san ƙyallen duk sun mutu, amma tsegumi bai mutu ba. In aka buɗe aka ga an taɓa wani abu, makullai za su tafi, ɗakin kwanansa ma zai tafi, ga shi da shekara saba'in da uku.

Ran Laraba ya cire hula ya shiga wurin babban limamin, Rabaran Ashcombe.

"Ranka ya daɗe, a bar baiwar Allah nan ta huta mana."

Limamin ya dube shi ta saman tabarau. "Zobe ka ɗauka ko kambi, Jabez? In akwai abin da za ka gaya mini, yanzu ne lokacinsa."

"Babu, ranka ya daɗe."

Ya kama hanyar gida ta doguwar hanya, duk da ciwon gwiwa. Gajeriyar ta bayan katangar arewa take bi, inda ake binne waɗanda coci ba ya yi wa addu'a, wato masu kashe kansu da jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba. Ba dutse, ba suna, sai ciyawa da ƙaya, karnuka kuma na tono. Jabez bai taɓa son wurin ba.

Juma'a da hantsi magina huɗu suka ture murfin. Farfesa Winslade, jagoran malaman, ya leƙa da fitila. Ga zobe nan a yatsa, ga kambi a ka. Misis Pargeter ta taɓe baki, don ba haka ta so ba.

Sai farfesan ya kusanto da fitilar. Ya ƙara sunkuyawa. A ƙarƙashin hannun hagu na sarauniyar akwai wani ɗan ƙunshi, an naɗe shi tsaf da siliki. Ya buɗe a hankali, sai ga ƙasusuwa ƙanana, ba su fi na tsuntsu ba.

"Silikin na zamaninta ne," ya ce. "Littattafai sun yi mana ƙarya. Haihuwa ce ta kashe ta. Wannan yarima ne." Ya juya wajen limamin. "Zan tafi da shi jami'a a auna shi."

"Kada a raba shi da ita, ranka ya daɗe."

Kowa ya waiwaya. Jabez ne, ya matse hularsa a ƙirji, fuskarsa ta yi fari fat. Limamin da ma kunya ta kama shi kan zargin da ya yi wa tsohon, sai ya gyaɗa kai ya ce ba inda jaririn zai je.

Ran Lahadi coci ya cika maƙil. Aka buga ƙararrawa, mawaƙa suka rera, magajin gari ya zo da sarƙar muƙaminsa a wuya. Rabaran Ashcombe ya karanta addu'ar binnewa tun daga farko har ƙarshe a kan yariman da ba a san sunansa ba, aka mayar da murfi. Jabez yana bayan ginshiƙi cikin kwat ɗinsa mai kyau, hawaye sun jiƙa masa gemu.

"Ka dai tsira da makullanka, kukan na mene ne kuma?" in ji Misis Pargeter.

Da jama'a suka watse ya kulle ƙofa, ya taka a hankali zuwa kabarin matarsa, ya durƙusa da ƙyar.

"Keziah," ya ce, "yau dai an yi wa yaronmu addu'a. Har ƙararrawa aka buga masa."