Ranar da Na Koyar da Tumfafiya

Na fita koya wa yarana ganye, na dawo su ke ja na da hannu.

Metires, malamarsu ta lakwal, ce ta ce ɗiyata ta kawo ganyen itatuwa iri-iri. Uwarsu ta ce a je wajen mai garka. Na ce, ina raye? Ni da na yi kiwon awaki tun ban san wando ba? Ran Lahadi na aza ta da ƙanenta bisa moto, sai korin Telwa, rafin nan mai itatuwa a gefe.

Na nuna musu aduwa, na nuna bagaruwa da magarya, ina ɗaga murya kamar mai wa'azi. Sai yaron ya ruga wajen tumfafiya, don ta fi kowa faɗin ganye.

"Kai, kar ka taɓa! Nononta makanta yake kawowa. Ku duba nan." Na karya ganyen, farin nono ya bi mini yatsu.

"To Baba, kai fa?" in ji ɗiyata.

"Ni babba ne."

Rana ta take, zufa ta gangaro. Babba ya sa hannu ya share ido.

A nan muka bar moto. Ita ta riƙe dama, shi hagu. "Baba, ga dutse. Baba, daina kuka mana, ana kallonmu."

Aduwa da magarya tuni sun manta su. Amma ko daga nesa suka hango tumfafiya, sai su ɓoye hannu a baya. Karatu ya zauna. Idona na hagu ne ya biya: har yau kowane icce dishi-dishi yake gani.