Awon Hular Hamdiyya

Ghali ya yi sallama a gidan su Hamdiyya a unguwar Magajiya, aka ce ya shigo. Tana tsakar gida tana ɗinki, innarta na gefe tana saƙa da kwarashi. Amininsa Ja'afar ne ya aiko shi ya karɓo hular da take ɗinka masa, wadda Ja'afar ɗin zai sa ranar baikonsa da ita.

Ta tsinke zare da haƙori, ta miƙo hular, kanta a ƙasa.

"Gwada mu gani, Yaya Ghali."

"Ni? Ai kan Ja'afar ya fi nawa girma."

"Ka dai gwada."

Ya sa, hula ta zauna daram.

"Hamdiyya, kin ɓata awo. Wannan ba za ta shige shi ba."

Inna ta ajiye kwarashi a hankali. "Ni na koya mata. Yarinyar nan ba ta ɓata awo."

Sai a lokacin Hamdiyya ta ɗago ido ta dube shi.

"Ka ba shi haƙuri. In kuma ba ka so, cire in warware."

Ghali ya kai hannu kansa. Ya daɗe a haka, bai cire ba.