Ribar Itacen Girki

Kamilu, tun ranar da ka ce za ka zuba kuɗin sallamarka a asusun nan na masu kare muhalli, barcina ya ragu, jiya ma sau biyu na sha maganin hawan jini bisa mantuwa. Ni ban yi boko mai nisa ba, kuma hotunan da ka nuna mini a waya sun yi kyau, kore shar. Amma zauna ka ji wani misali.

Wani mutum ne ya sauka a wani gari da farkon damina, ya ce zai kafa gandun itatuwa, hamada ta tsaya, masu jari kuma su ci riba. A garin akwai wata mai ƙosai da ke suya a gindin tsohuwar darbejiya a bayan gari, sai dai idan ruwa ya sauka takan koma zauren gidanta har bazara. Ta sayar da tunkiyarta ta ba shi. Duk ranar kasuwa yakan kwashi masu jari ya tsayar da su a bakin shinge, wai kada a tattake dashe. Yau itatuwa sun kai gwiwa, kasuwa mai zuwa sun kai kafaɗa. Mai ƙosai ta ce ita dai ba ta taɓa ganin dashe mai sauri haka ba, ya ce ai irin waje ne, ba ya son ido ya matso shi. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi itacen da ke kusurwa ya kwana darbejiya ya tashi mangwaro. Riba kuwa ba ta latti, dami-dami na itacen girki har ƙofar gida. Ɗanye ne, hayaƙi kamar zai makantar da ita, amma tana hawaye tana yabon gandun, har ta jawo surukarta ita ma ta zuba jari.

Ashe bawan Allah bayan gari yake zagayawa ya sare itatuwan mutane. Rassan ya kafa su a danshi da safiyar kasuwa, gindin ya faskara ya raba riba. Da ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi tauri, reshe ya fara langaɓewa tun kafin baƙi su juya baya, sai ya ce zai je birni sayo taki. Har yau ana jiran takin. Bazara ta kama, mai ƙosai ta ɗauki kaskonta ta nufi darbejiyarta, ta tarar da kututture. Ta zauna a kai don ta yi kuka, zafinsa ya tashe ta tsaye. Ta ce, “Wato tunkiyata na bayar aka sayar mini da inuwata, ni kuma na soya ƙosai da ita.”

To Kamilu, ni ban ce mutanenka ɓarayi ba ne, Allah ya tsare bakina. Amma kafin ka miƙa guminka, ka tambaye su daga ina ribar take fitowa, ka ce su nuna maka bayan garin, ba bakin shinge kaɗai ba. Kuma ka je da ƙafarka cikin bazara, don da damina ko juji kore ne. Magabata sun ce, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.